Ranar da Kawu Ya Farauci Ƙas-ƙas

Duk layin babu wanda bai san Kawu yana da kunne ba, domin shi da bakinsa yake sanar da kowa. Sana'arsa ba da hayar lasifika ce ga masu taro: manya guda huɗu, da doguwar waya da ta sha faci, da makirfo ɗaya wanda sai an ɗan mare shi yake farkawa. Amma in ya zauna a bencin ƙofar shagonsa ya harɗe ƙafa, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro sauti. Ya ce yana jin waya za ta ƙone tun saura kwana biyu. Ya ce akwai taron da ya taɓa yi wa sauti, wani kurma ya zo har gabansa ya roƙe shi ya rage. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, maƙwabta kuma suka karɓa, tunda kiran ba ya rage su da komai.

Jikin shagonsa akwai wani ɗan situdiyo mai ɗaki biyu, ɗaya na ganguna, ɗaya na teburin haɗa sauti, da gilashi a tsakani. A nan Auta, 'yar ƙanwarsa, ta shafe wata biyu tana ɗaukar waƙarta ta rok, salon kiɗan Turawa mai ƙarar jita da ganguna. An gama murya, an gama jita, saura ganguna kaɗai. Ran nan kuma da ƙarfe huɗu wata ma'aikaciyar gidan rediyo za ta zo ta saurara. Waƙa ɗaya tak take nema da za ta buɗe sabon shirinta, kuma tana da wasu mawaƙan a hannu idan wannan ba ta samu ba.

Da sassafe naƙuda ta kama matar mai situdiyon. Mijin ya tsaya a ƙofar Kawu ko injin mota bai kashe ba, ya miƙo makulli ta taga.

"Injiniya, don Allah ka buɗe musu. Na jera makirfo, na daidaita komai tun jiya. Jan maɓalli kawai za a danna, mai ganga ya buga, shi ke nan. Kada a taɓa sauran."

"Je ka kawai," in ji Kawu. "Ka bar aiki a hannun masu shi."

Kafin ƙarfe goma ya sa rigarsa mai aljihu shida, ya saƙala biro uku, ya bi shago-shago yana shaida wa jama'a cewa yau zai haɗa waƙar da gidan rediyo za su yi rububinta, kowa ya hallara ƙarfe huɗu. Tela ya ce Allah ya ba da sa'a. Mai gyaran takalmi ya cire ƙusa daga bakinsa ya ce amin, ya mayar da ita.

Auta ta zo da jitarta a baya, Mai Ganga na biye da ita. Shi wani ƙato ne mai tsadar magana, wanda ya roƙi hutun yini ɗaya a wurin aikinsa don wannan ɗauka. Da Auta ta tarar da Kawu ya hakimce a kujerar mai situdiyo, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Amma yayan mahaifiyarta ne, kuma shi ne ya tsaya mata lokacin da aka so a raba ta da jita a gida, don haka ta haɗiye abin da ke bakinta.

"Kawu, jan nan ne kawai."

"Na san ja, 'yata. Tun ba a haife ki ba nake danna ja."

Mai Ganga ya shiga ɗakinsa, ya zauna a tsakiyar gangunansa da fayafayan tagulla, ya sa hedifon a kunne. Kawu ma ya sa wanda ke kan tebur, ya gyara zama, ya danna ja. Jita ta taso, ganguna suka shigo da ƙarfi har gilashi na rawa, Auta ta lumshe ido tana kaɗa kai. Ba a yi daƙiƙa ashirin ba Kawu ya ɗaga hannu ya tsayar.

A cikin kunnensa, can ƙarƙashin kiɗan, akwai wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri ba ya jinkiri.

Abin da Kawu bai sani ba shi ne, kowane mai ganga da wannan ƙas-ƙas ɗin yake aiki. Kwamfuta ce ke buga shi don ya riƙe masa ma'aunin bugu, kuma a hedifon kaɗai yake fita, ba ya shiga cikin waƙa. Ƙananan lasifikan ɗakin ba sa kawo shi, shi ya sa Auta da ke zaune a baya ba ta ji komai ba.

Kawu ya leƙa ɗakin ganguna. "Kai, kana jin wani abu da bai kamata ba?"

Mai Ganga ya yi tunani. "A'a. Komai na nan yadda ya kamata."

"Ke fa?"

"Lafiya lau nake ji, Kawu."

Daɗi ya kama Kawu har cikin ransa. Shekara ashirin yana faɗa ana yi masa kallon mai cika baki, yau ga hujja ta kawo kanta: mutum uku a wuri ɗaya, shi kaɗai ya ji.

"Akwai ƙara a cikin sautin nan," ya ce da murya ƙasa-ƙasa.

"Wace iri? Ba ni hedifon ɗin in ji."

"Ko na ba ki ba za ki ji ba. Wannan ba ta kunnen yara ba ce."

"To kwatanta mana."

"Ba a kwatanta ta. Kama ta ake yi."

Agogon bango ya fara tuhuma. Ya hau kujera ya sauke shi, ya zare batirinsa, ya kife shi a waje. Ya danna ja: ƙas, ƙas, ƙas. Ya tsayar, abin ya tsaya. Ya sake dannawa, abin ya dawo. Ya yi haka sau biyar yana zare ido.

"Munafuki ne," ya ce. "Da na tsaya sai ya tsaya. Yana kallona."

Ya ɗauko bokiti ya tattara agogon hannun kowa da wayar kowa, har da tasa, ya kai shagonsa ya rufe da buhu. Ƙas-ƙas bai fasa ba. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya karkata kai kamar kaza ta ji motsi, ya nuna bangon hagu da biro, ya fice.

Mai gyaran takalmi yana tsakiyar buga dunduniya Kawu ya tsaya a kansa.

"Maƙwabci, ajiye gudumar nan."

"Me ta yi?"

"Tana shiga mini waƙa."

"Ta bango biyu da soso?"

"Har ƙusar da ke bakinka ina jin tana taɓa haƙorinka."

Mutumin ya dubi guduma, ya dubi Kawu, ya ajiye. Ba don ya yarda ba, sai don yana son ya ga ƙarshen abin. Ya bi Kawu har situdiyo ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. Aka danna ja, aka tsayar.

"Ya tafi?" in ji shi.

"Ya ragu," in ji Kawu, ya nufi bangon dama.

Tela ya ce shi yau ko zare bai sa wa keke ba, yanka kawai yake yi. Kawu ya tafa hannu.

"Da me kake yankan?"

"Da almakashi mana, da haƙori zan yanka?"

"To kawo shi."

"Injiniya, wandon mutane zan bayar da yamma."

"Ni kuma duniya zan ba wa waƙa da yamma. Wanne ya fi?"

Almakashi ya shiga bokiti. Tela ya biyo bayansa da awo a wuya, ya samu wuri kusa da mai gyaran takalmi. Kafin ƙarfe ɗaya Kawu ya sa an kashe fankar shagon aski, an ɗaure bakin famfon da ke ɗiga a bayan gini da leda, an roƙi wata tsohuwa mai fasa goro ta matsa gaba da farantinta. Layin ya yi tsit yadda bai taɓa yi ba, duk waɗanda aka hana aiki kuwa suka dawo ƙofar situdiyo suka zauna, tunda babu abin yi.

Auta ta dubi inda agogo yake da, ta ga ƙusa kawai.

"Kawu, don girman Allah, mu ɗauka a haka. Ni ban ji komai ba, shi bai ji komai ba."

"Matar rediyo za ta ji. Su ma suna da irin kunnenmu, kaɗan-kaɗan."

"Bari in kira mai situdiyo."

"Mutum yana asibiti matarsa na kan gwiwa, ki kira shi ki ce masa me? Kawunki ya kasa?"

Ta koma ta zauna. Shi kuwa ya sake sa hedifon, ya saurara da kyau, sai fuskarsa ta washe.

"Tsaka ce."

"Tsaka?" in ji Tela daga ƙofa. "Mai bin kiɗa daidai da daidai?"

"Ka taɓa zama da tsakar situdiyo? Wadda ta girma a cikin kiɗa?"

Tela ya amsa cewa gaskiya bai taɓa ba.

Bangon ɗakin ganguna duk a lulluɓe yake da baƙin soso mai tudu da kwari, wanda mai situdiyo ya yi sati yana mannawa don kada sauti ya riƙa amsa kuwwa. Kawu ya kama gefe ɗaya ya ja. Auta ta ce wayyo. Ya ce ai mayarwa za a yi. Cikin rabin awa soso ya taru a ƙofa kamar an zo kwashe kayan gida, bango ya fito tsirara da tabon gam. An samu gizo-gizo biyu da murfin biro. Tsaka ko jelarta.

Nan idonsa ya faɗa kan babbar gangar ƙasa, wadda ake taka wa feda. Ta ramin da ke fatarta ya hango wani abu fari. Ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro filo.

Ya ɗaga shi sama don 'yan kallo su gani. "Kun ga aikin yaran yanzu. A cikin ganga yake ɓoye abin barcinsa."

"Na danne sauti ne," in ji Mai Ganga. Jimla mafi tsawo ke nan da ya yi tun safe.

"Sauti ake nema, kai kana danne shi."

Filo ya bi soso waje. Mai gyaran takalmi ya ɗauka ya jingina bayansa da shi.

Ƙarfe uku da kwata, kamar yadda wani mai wucewa ya faɗa musu, Auta ta tsaya a gaban Kawu. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce wata biyu ta yi a kan waƙar nan, kuma ba ta roƙe shi komai ba sai ya danna ja ya bar shi har ƙarshe, sau ɗaya. Kawu ba ya iya ganin hawayenta tun tana goye. Ya danna, ya runtse ido, ya daure wa ƙas-ƙas na minti huɗu yana cizon leɓe. Mai Ganga ya buga iyakar iyawarsa a ɗakin da babu soso, gangar ƙasa tana amsawa kamar ana dukan tankin ruwa da babu ruwa. Amma an ɗauka.

"Yanzu ku fita," in ji Kawu. "Haɗa sauti sirri ne."

Da ya rage shi kaɗai sai ya fuskanci teburin. Maɓallan turawa sama da ƙasa sun fi ashirin, mai situdiyo ya jera kowanne a inda ya dace. Kawu ya ga wasu a ƙasa-ƙasa, ya tausaya musu, ya tura su duka sama don kada a yi wa kowa rashin adalci. Fitilu suka koma ja, abin da a sana'arsa yake nufin ana samun ƙarfi. Sannan ya shiga danne-danne yana neman abokin gabarsa. A can ƙarshen tebur yatsansa ya sauka kan wani ɗan maɓalli rawaya. Jita ta ɓace, murya ta ɓace, ganguna suka ɓace, aka bar ƙas, ƙas, ƙas shi kaɗai, fes, babu inda zai ɓuya.

Kawu ya miƙe tsaye a hankali. "Na kama ka."

Wani mai hankali zai nemi yadda zai kashe shi ya yi shiru da bakinsa. Kawu kuwa ya tuna akwai mutanen da suka yi masa dariyar tsaka. Ya fita da gudu ya jawo lasifikansa huɗu ya jera a bakin titi, ya ja doguwar wayarsa ya cusa a rami na biyu na hedifon, domin a iliminsa duk ramin da waya ta shiga nan ne wurinta.

Ƙarfe huɗu daidai ma'aikaciyar rediyo ta sauko daga mota, da jaka a kafaɗa da tabarau a goshi. Ta dubi tarin soso, ta dubi jama'a, ta gaisa da Auta, ta ce minti goma sha biyar gare ta. Kawu ya sha gabanta da makirfonsa, ya mare shi sau biyu ya farka.

"Jama'a, baƙuwarmu, kafin ku ji waƙa, ku fara jin abin da na yini ina yaƙi da shi. Waɗannan yaran sun ce babu shi. Maƙwabta sun ce babu shi. To ga shi na ware shi shi kaɗai, mai kunne ya ji."

Ya shiga ya danna, ya fito ya harɗe hannu.

ƘAS. ƘAS. ƘAS. ƘAS.

Tantabaru suka tashi daga rufin shagon aski. Jama'a suka yi tsit suna sauraro. Can sai aka ga ƙafar Mai Ganga tana taka ƙasa tana bin bugun, da kanta.

"Wannan ai nawa ne," ya ce.

"Naka kamar yaya?"

"Shi nake bi. Kwamfuta ke ba ni. In babu shi ba na bugu."

Ma'aikaciyar rediyo ta sauke tabarau kan hancinta. "Ma'aunin bugu ne, Baba. Kowane situdiyo akwai shi. Ba ya shiga waƙa."

Tela ya juya ya dubi Kawu. "Wato ba almakashina ba ne."

"Kuma ba gudumata ba," in ji mai gyaran takalmi.

"Tsakar ma a nemi gafararta," wani ya ce daga baya.

"Na sani mana," in ji Kawu, gumi na bin wuyansa. "Gwada kunnenku nake yi."

"To mun ci jarrabawa," in ji baƙuwar. "A sa mana waƙar."

Kawu ya shige ɗakin tebur, kunya ta sa ya murza makulli ta ciki. Ya tsaya a gaban maɓallai sama da ɗari, ya rasa wanne ya taɓa ɗazu. Ya sa hedifon ya fara laluba. A waje aka ji ƙas-ƙas ya ƙara ƙarfi. Aka ji ya koma lasifikan hagu, ya dawo na dama. Aka ji ya ƙara sauri kamar an biyo shi, sannan ya rikiɗe ya zama ƙararrawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

"Wannan ce waƙar?" tsohuwa mai goro ta tambaya. "Ba laifi."

Auta ta ruga ta hau dukan ƙofa tana kiran Kawu. Ƙofar nan mai kauri ce, cike da auduga, ita kaɗai ce abin hana sauti da ya bari da rai a ginin. Ta nemi waya ta kira shi, ta tuna wayarta da tasa suna bokiti ɗaya. Ta zagaya ɗakin ganguna ta manna fuska a gilashi tana nuna masa ƙarshen tebur da hannu biyu. Kawu ya ɗago ya gan ta, ya ga kawunan maƙwabta sun taru a bayanta suna leƙe, ya miƙa hannu ya ja labule.

Baƙuwar ta jira minti goma sha biyar ɗinta cif, har ta ƙara biyu. Sannan ta dafa kafaɗar Auta ta ce ta yi haƙuri, gobe da safe shirin zai fara, dole ta tafi da waƙar da ta riga ta ji da kunnenta. Ta buɗe mota, ta ɗan tsaya tana sauraron lasifika.

"Ki dai gaya wa kawunki, bugun yana tafiya daidai."

Motar ta tafi. Tela ya je ya zaro almakashinsa daga bokiti, kowa ya kama gabansa, Mai Ganga ya karɓo filo ya karkaɗe. Auta ta zauna a kan tarin soso, jita a cinya.

Sai can aka ji makulli ya motsa. Kawu ya leƙo, hedifon a wuya, biro ɗaya ya fashe ya ɓata masa aljihu. Ya dubi inda motar take da, ya dubi Auta. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da wutar lantarki, ya fasa.

"Auta," ya ce. "Wanne ake dannawa?"

Ta tashi ta wuce shi, ta sa yatsa ɗaya a kan ɗan maɓallin rawaya, ta ja sauran ƙasa zuwa tsakiya, ta mayar da waƙar farko.

Jita ta cika layin. Ganguna suka shigo da rugugin tankinsu, sannan muryar Auta ta hau samansu, mai kauri, mai ɗan kaushi, ta ja wani dogon baiti har ƙarshen numfashi ba ta karye ba. Tela da ya kai almakashi bakin yadi ya tsaya. Kawu ya jingina da ƙofa, baki a sake, bai motsa ba har aka kai ƙarshe. Tsigar jikinsa ta tashi, kuma a karon nan kunyar da ya ji ba ta maƙwabta ba ce.

"'Yata," ya ce a hankali, "ashe haka kika iya waƙa?"

Auta ta saɓa jitarta a baya.

"Tun ƙarfe goma take cikin kunnenka, Kawu."